Kwatas ɗin mahaƙa kwal a Inugu: littafin awo da zane

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Bismillahi. Yau na buɗe wannan littafi domin aikin da na daɗe ina ɗagawa. Niyyata in auna tsofaffin gidajen mahaƙa kwal na nan Inugu, in zana su a takarda daidai da awonsu, sannan in haɗa ɗan samfuri wanda mutum zai ɗora a tebur ya ga yadda suke ciki da waje. Gini uku na ɗibar wa kaina, ɗaya a Coal Camp, biyu a Iva Valley. Asabar kaɗai gare ni, sauran ranaku ina ofis ina zana wa mutane gidajen haya da shaguna.

A unguwar Asata, nan cikin Inugu, aka haife ni. Kakana mahauci ne, daga ƙasar Zazzau ya sauko ta jirgin ƙasa, kuma Baba ya sha faɗa mana cewa babbar kasuwar kakan ita ce ranar da aka biya 'yan kwal albashi: kafin azahar nama ya ƙare ƙarƙaf. Ke nan tuwon gidanmu ma daga ramin nan ya fito. Kuma ba mu kaɗai ba, jirgin da ya riƙa jan gyaɗar Kano da kuzar Jos zuwa bakin teku kwal ɗin nan yake ci. Amma tambayi yaron unguwarmu inda mahaƙan suke kwana, zuru zai yi maka. Bara na bi ta wani layi da na sani tun ina firamare, na tarar an rushe shi an dasa bene mai hawa uku. Ko hotonsa ba ni da shi. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Sayayya: babban tef na mita 50, ₦11,500. Ƙaramin tef na ƙarfe, ₦3,000. Littafin awo biyu, fensira da allon ɗora takarda, ₦4,200. Na'urar awo mai haske na aro a wurin abokin aiki. Kuɗin da na ware wa aikin duka ₦60,000.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na dawo hannu rabbana.

Coal Camp a yau kasuwar kayan gyaran mota ce da maƙera da masu walda. Ƙarar guduma ba ta yankewa. Tsofaffin ginin suna nan, amma shaguna sun haɗiye su, sai ka lura sosai za ka hango tsohon bango da ƙaramar tagar katako maƙale tsakanin shagon gilashin mota da na batir. Na sami dogon gini ɗaya da bai lalace ba, na gai da wasu samari da ke zaune, na zaro tef. Kafin ƙanina ya ja shi mita biyar mutane sun kewaye mu. Wata mata ta riƙe bakin tef ɗin da hannunta ta ce, "Wa ya aiko ku?" Na yi bayani da Ibo, na maimaita da buroka, ba wanda ya saurara. Wani dattijo ya ce mu naɗe kayanmu mu tafi cikin mutunci, muka tafi.

Ban ga laifinsu ba. Tun da haƙar kwal ta tsaya aka shiga sayar da kadarorinta, duk wanda ke zaune a irin ɗakunan nan a ɗar-ɗar yake kwana. A wurinsu tef shi ne ɗan aiken takardar tashi. Ni da aka haifa a garin nan, yau na zama baƙon da ake cewa ko da ido makaho ne.

Da dare na ba Kawu labari. Ya ce, "Kai ma ka san ba a shiga gidan mutum ba sallama. Ka dakata in yi magana da wata." Akwai mai gidan abinci da ke sayen nama a wurinsa shekara da shekaru, 'yar mahaƙi ce, a Iva Valley ta tashi.

Keke, ₦1,200.

Litinin, 14 ga Oktoba

Gari shiru kamar kowace Litinin saboda zaman gida na dole da 'yan fafutikar Biyafara suka ƙaƙaba, ba mu buɗe ofis ba sai bayan azahar. Na zauna na jera shekaru a bangon littafi, don in san inda zan ajiye kowane gini in na auna shi. A 1909 Albert Kitson da 'yan binciken ma'adinai suka ga kwal a tsaunukan Udi. A 1915 aka fara haƙa, 1916 dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, 1917 aka buɗe ramin Iva Valley. Leburorin farko ta hannun sarakunan da Bature ya naɗa aka riƙa samo su, irin su Onyeama na Eke, da yawansu ba da son ransu ba. Bukkokin ƙasa da ciyawa suka kafa a jikin tudu. Ugwu Alfred, wato Tudun Alfred, sunan Alfred Inoma ya ci, wanda ya jagoranci wani rukunin ma'aikatan farko.

Ashe abin da zan auna ba shi ne zubin farko ba. Bukkokin sun tafi tuntuni. Bulo da kwano daga baya suka zo, musamman da yaƙin duniya na biyu ya matsa. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzarta ta can, ta juyo kan ta Jos, har aka riƙa kwaso mutanenmu na Arewa aikin tilas. Kuza ba ta isa teku sai da jirgi, jirgi ba ya motsi sai da kwal. Daga nan ne inda mahaƙi yake kwana ya zama abin da hukuma ta damu da shi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Alhamdu lillahi, ƙofa ta buɗe.

Mai gidan abincin nan da Kawu ya yi wa magana, da kanta ta raka mu. Iva Valley kwari ne a gindin tsaunin da hanyar Milliken ta naɗe, jar ƙasa, ayaba da gwanda da kwakwar manja ko'ina. An yanka jikin gangaren hawa-hawa, a kowane hawa an shimfiɗa dogon gini ɗaya, duk suna kallon gefe guda. Wanda ya san kwatas ɗin reluwe na Zariya ko Kafancan, ko tsohon barikin 'yan sanda, zai gane dangin ginin nan take.

Dattawa biyar muka tarar a baranda. Na je da goro daga kasuwarmu da katan ɗin lemo. Babbansu ya karɓa ya juya shi a hannu ya ce wannan goron Hausa ne, ya aika aka kawo nasu mai ɓari da yawa, aka haɗa a faranti ɗaya. Ya yi addu'a a kai da Ibo, don a wurinsu goro ba ya jin Turanci. Sai da aka ci sannan aka tambaye ni abin da ke tafe da ni. Na nuna musu zanen da nake yi a ofis, na ba su labarin kakana. Ɗaya daga cikinsu, mai shekara tamanin da ɗoriya, ya ce ya tuna mahautan Hausawa da ke zuwa da tire ranar albashi. Shi zan riƙa kira Papa a littafin nan, haka kowa ke kiransa. A ɗakin da yake zaune aka haife shi, ubansa mai saran kwal ne, shi ma ya shiga rami bayan yaƙin basasa.

Sharuɗɗa uku suka gindaya. Kada in shiga ɗaki sai mai shi yana nan. Kada in ɗauki fuskar kowa. In na gama, kowane ɗaki a ba shi kwafin zanen. Na amsa duka.

Yau kallo kawai na yi. Ɗaki takwas a jere, baranda ɗaya ta haɗe su. An ɗaga daɓen ginin daga ƙasa kamar tsayin gwiwa, da kwatar siminti a gaba. Saman kowace ƙofa akwai lamba da aka buga da baƙin fenti, an shafe ta da farar ƙasa ba adadi amma tana lekowa.

Goro da lemo ₦6,500. Keke ₦2,400.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ranar asara. Ina rubutawa dalla-dalla don kada in sake.

Mun fara ƙarfe takwas. Waje muka fara bi, tsawo da faɗi da tsayin bango, sannan ɗaki-ɗaki. Awon ɗakin da mutum ke zaune a ciki ba wasa ba ne. Sai an janye gado, an sauke akwati daga kan kabad, an ɗage labule, kana yi kana ba da haƙuri. Kafin ƙarfe biyu mun gama ɗaki shida, shafi goma sha ɗaya cike da lambobi. Na ga hadari ya taso ta bayan tsauni, na ce damina ta zo ƙarshe, wannan ba zai yi ƙarfi ba. Na bar littafin da na'urar a kan wani dakali a bayan ginin, muka kewaya gaba mu ja tef sau ɗaya na ƙarshe.

Ruwan bai yi sallama ba. Kuma bayan ginin nan shi ne mazubar duk ruwan kwanon, ga wanda ke gangarowa daga hawan sama. Kafin in kewayo littafin yana iyo a cikin jan ruwa. Babban kuskuren ma tun safe na yi shi: fensirina ya karye, na ci gaba da biro mai ruwa. Duk abin da na rubuta da fensir yana nan, shafi uku. Sauran takwas sun zama shuɗin tabo. Na'urar kuwa ta ɗauke.

Matar ɗaki na uku ta jawo mu ciki, ta ba mu tawul, ta dafa mana ruwan zafi. Muna zaune ina jin ruwa yana dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Na ga robobi uku da ta jera a inda ke yoyo, kowace ta san wurinta. Na yi tunanin mutumin da ya kwana yana sara a rami, ya dawo zai yi barcin rana a ƙarƙashin wannan kwano, da zafinsa da ƙararsa.

Sufuri ₦4,000, don sai da muka yi shatar keke.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na shanya shafukan ɗaya-ɗaya, ba abin da ya dawo. Na je na faɗa wa mai na'ura gaskiya. Mai gyara ya ce ₦15,000, ni zan biya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun sake daga farko. Fensir uku, littafi a cikin leda, kuma duk shafin da ya cika sai na ɗauke shi a waya kafin in juya. Kunya ta kama ni da zan sake sa mutane janye gadajensu, amma ba wanda ya ɓata fuska.

Ga abin da ya fito. Kowane ɗaki mita 3.05 ne a faɗi, 3.66 a zurfi. Bangon waje santimita 23, na tsakani 15. Baranda mita 1.52. Tsawon ginin duka 25.91. Da na dubi lambobin sai na ga ba su da kan gado, ba maginin da zai zaɓi 3.66. Sai na juya tef ɗin ta gefen inci, nan take komai ya zauna: ɗaki ƙafa 10 da 12, bango inci 9 da inci 6, baranda ƙafa 5, gini ƙafa 85 cif. Ɗaki takwas ƙafa 80, bangon tsakani bakwai ƙafa uku da rabi, na ƙarshe biyu ƙafa ɗaya da rabi. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kamar na ji muryar wanda ya zana shi. Daga yau da ƙafa da inci zan riƙa tunanin ginin nan.

Sai dai da na tara awon cikin, ya gaza na waje da santimita 19. Na auna ɗaki na biyar sau uku, 2.86 yake ba ni. Papa ya zo ya buga bangon da sandarsa ya ce, "Ɗana, bango biyu ne a nan." Shekarun baya ƙasa ta motsa, bangon ya tsage tun daga sama har ƙasa, ba wanda ya zo gyara, sai mai ɗakin ya gina wani a jikinsa ya shafe. Na leƙa ta ɗaki na shida, ga tsagar nan an cusa mata tsumma da siminti.

Taga ɗaya ce a kowane ɗaki, ta katako mai marfi biyu. Bangon tsakani asalinsa bai kai rufi ba, an bar sarari a sama don iska ta ratsa ginin daga wannan kai zuwa wancan. Dabara ce mai kyau ga iska. Amma tari, kuka, faɗan miji da mata, komai na ɗaki na ɗaya yana isa na takwas. A ɗaki bakwai cikin takwas an toshe sararin, wani da kwali, wani da silin, wani da bulo. Mutane sun zaɓi zafi a kan tonon asiri, kuma da ni ne haka zan yi.

Sufuri, abinci da leda, ₦4,900.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Bayan gini. Jerin ƙananan madafai a ware, taku goma daga ɗakuna, bangonsu baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru. Can ƙasa kangon masai, da ƙananan ƙofofi ta baya a gindin bango inda ake zaro bokiti da dare. Gindin famfo ɗaya na dukan layin, ba ruwa a cikinsa. Duk na auna. Keke ₦2,400.

Na daɗe a wurin Mama ta ɗaki na uku. Amarya aka kawo ta ɗakin nan, 'ya'ya shida ta raina a cikin ƙafa 10 da 12. Ta nuna mini komai da hannunta. Gadon an ɗora ƙafafunsa a kan bulo biyu-biyu, ƙarƙashinsa ya zama rumbu. Ga ƙusoshin igiyar labulen da ya raba ɗakin biyu, iyaye ciki, yara waje. Rabin barandarta an toshe da bulo ya zama ɗakin samari, shekarar da babban ɗanta ya shiga sakandare. Bangon baya mijinta ya fasa da kansa da irin digar da yake aiki da ita, ya fitar da ƙofa, suka yi rumfar kwano don ta daina ratsa ruwa zuwa madafi. Kowane ƙari da haihuwa ko aure ko rasuwar da ta kawo shi.

Ni da na tashi a gida mai zaure, abin da ya fi damuna shi ne rashin tsakar gida. Ka buɗe ƙofa, gado ne a gabanka. Ba inda baƙo zai tsaya, ba inda mace za ta sake. Wanda ya zana ɗakin nan gwauro ya gani a ransa, mai tabarma ɗaya da akwati ɗaya, wanda zai yi 'yan shekaru ya koma ƙauye. Da ma mahaƙa da yawa daga ƙauyukan Ngwo da kewaye suke takowa kullum. Amma waɗanda suka zauna sun yi aure, sun haifa, sun tsufa a nan.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ban auna komai ba. Na taka tsohuwar unguwar Turawa don in gwada da ido. Gida ɗaya a tsakiyar fili mai faɗi, baranda ta kewaye shi, rufi mai tsayi, tagogi ta kowane gefe, ɗakin boyi can baya. Ɗakin boyin ya fi kama da abin da nake aunawa. Tsarin zamanin Lugga ya tanadi a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Bature da ta 'yan ƙasa, wai saboda sauro. Mu ma mun san wannan a Nasarawar Kano da Kaduna. Keke ₦800.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Yau shekara 75 cif da harbin Iva Valley. Da yamma hanya ta buɗe, na bi ta wajen mutum-mutumin mahaƙa da ke kusa da New Market, na wuce wurin Papa. Ban ɗauki tef ba.

Abin da tarihi ya tabbatar: a Nuwamban 1949 mahaƙa suna jan ƙafa a aiki kan bashin albashin da suke bi, ƙungiyarsu ƙarƙashin Okwudili Ojiyi. Aka kori masu sara, suka ƙi fita, suka zauna a rami. Gwamnati ta ji tsoron nakiyar fasa dutse za ta faɗa hannun 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, ta tura 'yan sanda su kwashe ta. Ranar Juma'a 18 ga wata, wani babban ɗan sanda Bature, F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba, aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, shekara ta gaba aka miƙa haƙar ga sabuwar hukumar kwal.

Papa yana ɗan shekara shida. Ya kama hannuna ya kai ni ƙarshen baranda ya ce in duba. Daga nan ana hango hanyar da ke gangarawa bakin rami. Ramukan Inugu ba rijiya ba ne, ta gefe ake shiga cikin dutse, don haka mai tafiya aiki da mai dawowa duk a kan idon matan layi suke. Ya ce da aka ji ƙarar, mata suka cika barandar nan, wasu suka ruga ƙasa, uwarsa ta matse shi a jikinta tana ƙirga masu hawowa. Ubansa sai bayan magariba ya shigo, ba takalmi, bai ce uffan ba, ya zauna a bakin ƙofa har gari ya waye.

Sai ya ce, "Cikin 'yan sandan akwai mutanenku da yawa. Daga nesa aka kawo su. Ba sa jin mu, ba ma jin su." Na rasa abin cewa, na sunkuyar da kai. Ya dafa ni ya ce wanda ya ba da umarni dai an san shi. Ya ƙara da cewa bayan 'yan shekaru garin nan ya zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma ubansa yana cikin masu murna.

A awona barandar ƙafa 5 ce kawai. Na rubuta a gefen shafin cewa lalle zanen ya nuna inda take kallo, da kibiya zuwa bakin rami. Keke ₦2,400.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Zane a kwamfuta, daga safe har isha. Na canza shawara a kan babban abu.

Da farko niyyata in tuɓe duk ƙare-ƙaren, in fitar da ginin yadda aka miƙa shi ranar farko. Na yi hakan, ya fito tsaf, akwati takwas a jere. Na zuba masa ido na ga ba kowa a ciki. Wannan zanen hukumar kwal ne, ita ma tana da irinsa a lokacinta. Abin da ba a taɓa zanawa ba shi ne ƙofar da aka fasa da diga, da bango biyun ɗaki na biyar, da kwalin da ya toshe sararin sama. Malamanmu na makaranta za su kira su ɓata gini. Ban yarda ba. Mutanen da aka ba ɗakin kwana suka mayar da shi gida da hannunsu, aikin gini suka yi, kuma ya cancanci awo kamar na Bature.

Don haka launi biyu: baƙi ga ginin asali, ja ga duk abin da mazauna suka ƙara. Da na gama, jan ya kusa rinjayar baƙin. Aiki ya ninka, don dole in koma in auna rumfunan da na tsallake.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na fara samfuri, santimita 2 a madadin mita ɗaya, tsawonsa ya kama santimita 52 ba kaɗan. Kwali mai kauri, gam, reza da rula ta ƙarfe, ₦9,600. Na yanke bangaye, na fitar da ƙofofi da tagogi, na manna, na ɗora littattafai a kai na kwanta. Da safe dogon bangon gaba ya lanƙwashe kamar baka. Gam ɗin mai ruwa ne, kwalin ya sha ta gefe ɗaya, ga iska ta fara bushewa. Na yi ƙoƙarin miƙe shi, ya karye a ƙofa ta huɗu, inda ya fi siranta. Kwana biyu na yanka sun tafi. Kwalin zai yi amfani a rumfuna da madafai, amma dogon bango sai katako.

Asabar, 7 ga Disamba

Falle na siririn katako da ladan kafintan layinmu da ya yanka mini, ₦13,000. Bangaye sun tsaya. Kwano kuwa, na ɓare fatar kwalin katan ta sama, gurzajjen cikin ya fito da tudu da kwari kamar na gaske. Hunturu ya shigo.

Asabar, 14 ga Disamba

Na cika alkawari. Kwafi takwas a babbar takarda, ₦12,000, keke ₦2,400. Muka shimfiɗa ɗaya a kan benci aka danne gefuna da duwatsu saboda iska. Ƙura ta rufe tsaunin, ko hanyar rami ba a gani sosai.

Na ɗauka sai na yi dogon bayani. Ina! Papa ya yi shekaru yana bin taswirar rami, yatsa kawai ya ɗora ya ce ga ɗakinsa. Sannan gyara ya fara zubowa. Tagar baya ta ɗaki na bakwai da na sa baƙi, ashe ƙari ce, bayan yaƙi aka fasa ta. Matakalar tsakiya ma haka. Ya ce kwanon ba na asali ba ne, a lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, kowa ya gudu, ramuka suka cika da ruwa, da suka dawo rabin rufin babu. Ke nan akwai launi na uku da ban tanada ba, na abin da aka mayar bayan yaƙi. Daga nan hira ta koma kan yadda aikin ya mutu. A ƙarshen shekarun 1950 ana fitar da sama da tan 900,000 a shekara, ana kai wa reluwe da tashar lantarki ta Oji River da kamfanin siminti na Nkalagu. Sai aka sami man fetur, jirage suka koma dizal, yaƙi ya zo ya ƙarasa. An yi ta jan ƙafa har farkon shekarun 2000 sannan komai ya tsaya.

Mama ta daɗe tana kallon jan layin da ke bayan ɗakinta. Ta tambaya, "Wannan ƙofar maigidana ce?" Na ce ita ce, Mama. Ta shafa wurin da yatsa, ta naɗe takardar ta kai ciki. Da ta fito ta ce na manta mangwaron da ke gaban ɗaki na biyu, surukarta ce ta dasa shi, kuma a ƙarƙashinsa ake yin komai na layin, daga suna har zaman makoki. Ashe tsakar gidan da nake ta nema tana nan, ban auna ta ba don ba ta da bango.

Asabar, 21 ga Disamba

Lissafi: ₦95,300 ya fita, na haura abin da na ware da ₦35,300, gini ɗaya kacal na kammala cikin uku, shi ma saura rufi. Kawu ya ce zai ɗauki nauyin bugun zane na gaba, Allah ya saka masa da alheri.

Mutanen layi sun fara tafiya ƙauye Kirsimeti, ɗakuna za su kasance a kulle, don haka na dakata sai Asabar 11 ga Janairu in Allah ya kai mu. Kafin nan zan ƙara launi na uku, kore, in gyara taga da matakala, in yi wa samfurin rufin da ake ɗagawa a ga cikin ɗakuna. Ran da na koma, rufi zan hau in auna katakon da ke ɗauke da kwano, in duba inda gara ta ci. Papa ya ce zai haɗa ni da wani tsohon abokin aikinsa a Coal Camp, wannan karon da goro zan fara, tef yana cikin jaka.

Abin ɗauka ranar: tsani daga wurin kafinta, tocila, ƙyallen rufe hanci, igiya don auna kaurin mangwaro da faɗin inuwarsa, da sabon kwafin Mama.